Kamfani ya gina, mu biya: taimako ne ko bashi ne aka sake wa suna?

A zauren ƴan unguwarmu na Zango, nan Damagaram, gardamar ta tashi bayan sallar isha'i. Alhaji Mamman ne ya tono ta, da ya dawo daga Yamai.

Alhaji Mamman: Salamu alaikum jama'a. Na sauka filin jirgin Diori Hamani wannan karon, na tsaya ina kallo kamar baƙauye. Wanda ya san wurin kafin 2019 ya san me nake faɗi. Kamfanin Summa na Turkiyya ya zuba kuɗinsa, Euro miliyan 154, ya gama kafin taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019. Zai riƙe wurin shekara 30 ya mayar. Gwamnati ba ta fidda ko dala ba. Ni dai ra'ayina, duk babban aiki, ruwa ne, hanya ce, tasha ce, a ba kamfani ya yi. Gwamnati ta tsaya kan hukunci da tsaro.

Mushe Laminu: Wa alaikumus salam Alhaji, barka da hanya. "Ba ta fidda ko dala ba" ɗin nan ita ta hana ni barci. To wa ya fidda? Kai. Yana cikin kuɗin tikitinka, ba a rubuta maka shi da manyan baƙaƙe ba ne kawai. Baturke bai baro Istanbul don neman lada ba. Wannan bashi ne, an dai sa masa babbar riga.

Alhaji Mamman: Mushe, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ni na biya, na kuma ga abin da na biya. Shekara nawa muna biyan peyaji a bakin gari, mota na faɗawa rami taki goma bayan sandar?

Sanusi Kabu-kabu: Wannan kam gaskiya ce Baba Alhaji.

Hadiza: Kawu Alhaji, Mushe, ku bar ni in shiga tsakani, don aikin lissafi nake ci da shi. Abubuwa daban-daban ne muke zubawa tukunya guda. Akwai wanda kamfani ke ginawa da kuɗinsa, ya karɓa hannun masu amfani da wurin, kamar filin jirgi. Akwai wanda kamfani ke ginawa, gwamnati ta dinga biyansa duk shekara daga baitulmali. Wannan shi ne bashin da Mushe ke faɗi, ba ko tantama, sai dai ba ya fitowa fili cikin lissafin bashin ƙasa da wuri, shi ya sa masu mulki ko'ina a duniya ke son sa. Akwai kuma wanda kayan na gwamnati ne, kamfani haya kawai ya karɓa yana gudanarwa. Nijar tana da doka kan wannan tun 2011, aka sake ta a 2018. Kafin a ce "a ba kamfani", sai a faɗi wanne daga ciki.

Hajiya Mariama: Ɗiyata, ni ba na gane wannan rabe-raben. Abin da na sani, in watan Afrilu ya kama, tun ƙarfe biyu na dare nake tashi in buɗe pampo, in kanga roba, in zauna kan turmi ina sauraren iska na fita. Wani dare ya zo, wani dare shiru. Gari ya waye in nemi mai garuwa, bido ɗaya yau dala goma, gobe ya ce ashirin, kuma sai ka roƙe shi. Jikata ƙarama ta iya gane ƙarar kura mai ɗauke da ruwa da wadda ba komai tun daga ƙarshen layi. Ko kamfani ko gwamnati ko aljani, wanda zai kawo ruwa shi ne nawa.

Mushe Laminu: To ga amsarka nan Alhaji. Ruwan biranen ƙasar nan ya kasance hannun kamfani tun 2001, kamfanin ruwa na SEEN, wanda Veolia ta Faransa ke da kashi 51 a ciki, har ƙarshen 2023, sannan aka kafa NDE, kamfanin ruwa na gwamnati, ya karɓa. Shekara 22. In kamfani magani ne, da yanzu mun warke.

Hadiza: Mushe, da girmanka, nan ba ka yi adalci ba. Wannan shi ne iri na uku da na faɗa. Yarjejeniyar 2001 ta raba aikin biyu: SPEN, ta gwamnati, ita ke da rijiyoyi da manyan bututu da tankuna, ita ke nemo kuɗin gina sababbi, mai haya nasa rarrabawa, gyaran yau da kullum da karɓar kuɗin faktir. Matsalar Damagaram kuwa tun daga ƙasa take. Garin kan dutse yake zaune, dubi duwatsun Birni. Ruwanmu daga nesa ake jawo shi, Gogo-Macaya, Arunguza, Ganaram, garin kuma kullum ƙara faɗi yake. Mai haya ba ya raba abin da bai iso ba.

Mushe Laminu: Kin ƙara mini hujja ne ai. An ba shi inda kuɗi ke shigowa, an bar mana inda kuɗi ke fita.

Injiniya Abdu: Wannan maganar ta Mushe ita ce zuciyar al'amarin, ko da yake ban yarda da inda yake son kai ta ba. Ɗan kasuwa yana bin inda za a biya shi. Mai shiga jirgin sama yana iya biya. Hajiya da ke Kara-Kara ko Garin Malam, in aka ɗora mata ainihin kuɗin jawo ruwa daga kilomita hamsin, da ribar mai jari a kai, faktir ɗin ba zai biyu ba. Shi ya sa irin wannan aiki ake nema masa rance mai sauƙin ruwa daga Bankin Duniya da makamantansa. Gwamnati ta fi kamfani samun bashi da araha. Abin da kamfani ya fi ta shi ne gama aiki kan lokaci da kula da shi bayan an yanke kyalle, don kuɗinsa na ciki.

Alhaji Mamman: To matatar mai ta SORAZ fa? Tana nan hanyar Tanut kowa na gani. Kafin Nuwamba 2011 ko digo ba mu tacewa. Ƴan Sin suka zo, CNPC kashi 60, Nijar 40, ganga 20,000 a rana, bututu daga Agadem. Da mun jira baitulmali, da har yau muna jira. Da babu gara ba daɗi.

Sanusi Kabu-kabu: Baba Alhaji, matatar na bayan gidanmu amma shekara da shekaru litar fetur na 540, dala 108, daidai da na mutumin Yamai. Sai 2024 aka sauko da ita 499. Yawancinmu na kwalba muke sha a bakin hanya lokacin da na Najeriya ke da araha.

Injiniya Abdu: Sanusi, farashin nan gwamnati ke yanke shi, iri ɗaya ga ƙasa duka. Amma tunda an kawo misalin da ya yi aiki, a kawo wanda bai yi ba. Layin dogo na Yamai zuwa Doso, wanda aka so ya kai Kwatano a Benin, kusan kilomita 140, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa, aka yi biki a farkon 2016. An fara aikin alhali wani kamfani, Petrolin, na cewa shi ke da haƙƙin ɓangaren Benin. Kotun Benin ta ba shi gaskiya, layin bai haɗu da Kwatano ba. Duk wanda ya bi hanyar Yamai ya gan shi kwance gefen titi, ba jirgi. Ƙarfe ba shi da laifi, takarda ce ba a gyara ba kafin a ɗauki shebur.

Mushe Laminu: Takardar da wa ya gani? Cikinmu nan wa ya taɓa karanta yarjejeniya guda daga cikin waɗanda muke ta ambata? Shekara 30 fa. Wanda ya sa hannu ya tafi, wanda zai ƙarasa biya yanzu yake koyon rarrafe. In ɗiyarka za ka aurar, sadakin ma gaban shaidu ake faɗinsa.

Hadiza: Nan ina bayanka ɗari bisa ɗari. A buga gasa, a bayyana takarda, a faɗi wa zai ɗauki asara in masu biya ba su kai yadda aka yi zato ba. Wannan layin na ƙarshe shi ake ɓoyewa. Sau da yawa an rubuta cewa gwamnati za ta cika giɓin, ka ga riba tasa, faɗuwa tamu.

Alhaji Mamman: Ku dai kuna ta kallon Turawa da ƴan Sin. Ni abin da ke raina ƙarami ne. Mu ƴan kasuwar Dole, in mu goma muka haɗa kuɗi muka ce wa meri ta ba mu fili mu gina tasha mai rumfa da makewayi da shaguna, mu karɓi haya mu mayar mata, shi ma bashi ne mai babbar riga?

Mushe Laminu: Shekara nawa?

Alhaji Mamman: A ce 20.

Mushe Laminu: Kuɗin shiga tasha wa zai yanke, ku ko meri? In rufin ya fara yoyo a shekara ta 18, wa zai gyara, tunda saura biyu ku fita?

Sanusi Kabu-kabu: Mu kuma za a bar mu mu tsaya bakin ƙofa ko sai mun biya?

Alhaji Mamman: Kai Mushe, ko gini ba a fara ba ka kai ni shekara ta 18.

Hadiza: Kawu, ni zan yi maka lissafin kyauta. Amma sai na san mota nawa ke tashi a rana zuwa Matamaye da Magarya, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, damina da rani. Ba abin da direbobi za su faɗa maka ba, a zauna a ƙirga.

Sanusi Kabu-kabu: Ni kullum ina wurin daga asuba. A saya mini kaye da biro, sati biyu ya isa. Amma Baba Alhaji zai biya kuɗin shayi.

Hajiya Mariama: Ku yi ta yi. Ni na tafi in kanga roba.