An yashe min asusu ta waya, kuma kuɗin adashi ne. Akwai hanyar dawo da su?

Maman Ummi, Tudun Wada

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ban runtsa ba, shi ya sa na kawo kukana nan.

Ni ce uwar adashin layinmu. Mu goma sha biyu ne, kowa na zuba dubu talatin a wata, kuma a asusuna ake tarawa. Na wannan watan sun cika N360,000, ga kuɗin ɗinkina N41,500 a kai.

Ranar Juma'a bayan la'asar ina kan keke ina haɗa hannun wata riga, sai waya ta yi ƙara. Namiji ne, ya yi sallama tsaf, Hausarsa ba gargada. Ya kira cikakken sunana har da na mahaifina, ya faɗi ranar haihuwata da sunan bankina. Ya ce daga hedikwata yake kira, wai ba a haɗa NIN ɗina (lambar katin ɗan ƙasa) da BVN (lambar tantancewa ta banki) ba, ƙarfe biyar na yi za a kulle asusun, kuma sai na je Legas da kaina kafin a buɗe. Na dubi agogo, biyar saura kwata. Gabana ya faɗi, domin ranar Laraba ne kwasar wata baiwar Allah da ke haɗa wa 'yarta kayan ɗaki.

Ya ce in ɗauko katin ATM. Na tura Ummi ta ciro shi daga jakata. Na karanta masa lambobin gaba, da ranar ƙarewar katin, da ukun nan na baya. Abin da ya kwantar min da hankali shi ne da ya ce, "Hajiya, kada ki faɗa min lambar sirrinki, banki ba ya tambaya. Ki danna ta a kan wayarki kawai, kwamfuta ce za ta karɓa." Na danna. Sai saƙo ya shigo da lambobi shida, ya ce in karanto don a tabbatar ni ce. Na karanto. Har addu'a ya yi min, ya ce Allah ya raya zuri'a.

Ban kai ga mayar da katin jaka ba alat ya fara shigowa. N150,000. Wani N150,000. Sai N98,000. Abin da suka bar min N3,200 ne da 'yan kai. Na kira lambar, a kashe.

Ban san ana iya rufe kati ta waya ba sai Asabar da safe, da ƙanena ya kira layin bankin aka rufe. Yau Litinin na je reshensu da ke titin Yakubu Gowon, na bi layi tun safe har azahar, aka ba ni fom na cika, yarinyar da ke aiki a wurin ta ce in je za a neme ni.

Tambayoyina biyu ne. Akwai wanda irin wannan ta taɓa samu kuma kuɗinsa suka dawo? Sannan jiya da na yi maganar a Facebook wani ya biyo ni ta saƙo, ya ce aikinsa ke nan, in tura N25,000 zai bi sawun kuɗin ya dawo da su cikin awa 48. Har hotunan alat na mutanen da ya taimaka ya turo min. In tura? Har yanzu ban faɗa wa matan adashin ba, maigidan ma bai sani ba.

Abban Sadiq, Malali

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar da alheri.

Na Facebook ɗin nan tukuna: ko sisi kada ki tura masa. Gudun gara za ki yi ki faɗa gidan zago. Ba wani mutum a waje da ke iya shiga banki ya juyo da kuɗi, kuma hoton alat yaro ma zai haɗa shi a waya.

Na yi shekara shida a teburin kula da kwastomomi a wani banki, bari in gaya miki yadda abin ke tafiya. Ba a banza suka zaɓi yammacin Juma'a ba, sun san rassa na rufewa sai Litinin. Maganar NIN kuwa da gaskiya suka fake, domin a Disambar 2023 Babban Bankin Najeriya ya ba da umarnin a haɗa asusu da BVN ko NIN, aka sa wa'adin 1 ga Maris 2024. Tun lokacin suka samu abin tsorata mutane. Lambar sirrin da kika danna, kowane maɓalli da irin sautinsa, daga sautin ake gane lambar. Lambobi shidan nan kuma su ne OTP, mukullin ƙarshe ke nan. Da su banki ke ɗauka cewa ke ce da kanki kika amince.

A nan wahalar take. Tunda ke kika bayar da lambar, da wuya bankinki ya biya ki daga aljihunsa. Abin da ake kamawa shi ne abin da ya rage a asusun da kuɗin suka faɗa. Bankinki zai tuntuɓi wancan bankin a sa wa asusun takunkumin hana cire kuɗi, wanda mu a ciki muke kira PND. In an tarar da saura, an riƙe shi ke nan. Su kuma ɓarayin cikin mintuna suke rarraba kuɗin asusu-asusu su kwashe. Shi ya sa daren Juma'ar nan da aka rasa ya yi min ciwo.

Gobe ki koma da sassafe, kada ki tsaya jiran "za a neme ki". Ki rubuta ƙorafi a takarda, ki sa rana da lokaci da lambar da ta kira ki da adadin kowane cira, ki yi kwafi biyu a buga miki hatimi a ɗaya ki riƙe. Ki nemi lambar ƙorafinki, haƙƙinki ne su ba ki, kuma ba ta babu inda za ki kai ƙara gaba. Ki karɓi takardar shige da ficen kuɗin asusunki, a nan za ki ga inda aka tura su. Ki tambaye su kai tsaye: an rubuta wa wancan bankin? Yaushe? Sannan a tabbatar an cire duk wata wayar da aka ɗora manhajar bankinki a kai, domin rufe kati kaɗai ba ya korar wanda ya riga ya shiga ta manhaja.

Daga nan ki kai rahoto wurin 'yan sanda, kuma EFCC na da ofishin shiyya a nan Kaduna, suna karɓar koke a rubuce. In banki ya yi shiru ya wuce sati biyu (wasu ƙorafe-ƙorafen ana ba su har kwana 30), sai ki rubuta wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, ki haɗa da kwafin mai hatimin nan.

Wani zai ce ai a Amurka ana mayar wa mutum kuɗinsa. Can yawanci katin bashi suke riƙewa, kuɗin banki ake taɓawa, kuma dokarsu ta taƙaita asarar mai kati a dala 50 in an yi amfani da shi ba izininsa. Namu katin daga gumin mutum yake ja kai tsaye.

Gaskiya Ɗaci

Ni abin da ban gane ba, a cikin saƙon OTP ɗin ma ana rubuta kada a ba kowa. Kullum rediyo na faɗa. Wannan sakaci ne kawai, kuma da kuɗin mutane.

Ɗan Panteka

Malam Gaskiya Ɗaci, a yi sassauci. Ni da nake ganin idona a buɗe yake, shekara ashirin ina kasuwa, sai da suka ci ni.

Hajiya, ni nawa a farkon 2023 ne, lokacin canjin kuɗi da ake kwana a bakin ATM. Na yi wa wani mai ƙarfe tiransifa ta maƙale, na shiga shafin bankin na zazzaga musu masifa a fili, har da lambar wayata. Ba a yi minti goma ba aka kira ni, wai daga bankin ne za a warware min. Ina cikin fushi, ga mai ƙarfe a tsaye a kaina. Duk abin da suka tambaya na bayar. N210,000 suka yi layar zana.

Sa'ar da na ci ranar Talata ce da hantsi. Na bar shago a buɗe na hau acaɓa, cikin rabin awa ina gaban manaja. Aka samu N85,000 ba su kai ga kwashewa ba, aka riƙe su. Na ɗauka gobe za a turo min. Ina! Wancan bankin ya ce ba ya taɓa kuɗin kwastomansa sai da umarnin kotu. Na yi takardar rantsuwa, na karɓo rahoton 'yan sanda, na ɗauki lauya, aka ɗaga zama sau biyu. Wata huɗu cur kafin kuɗin su shigo. Da na cire na lauya da na zirga-zirga, abin da ya zauna a hannuna bai kai dubu sittin ba.

Shawarata, kafin ki ɗauki lauya ki fara sanin nawa aka riƙe. In dubu goma ce, kada ki kashe talatin a kanta. Kuma mai asusun da aka tura nawa, da aka nemo shi, wani ɗan makaranta ne da aka ba dubu biyar ya ba da aron asusunsa. Ko fuskar masu abin bai taɓa gani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mai POS, Kawo

Abin da Ɗan Panteka ya faɗa haka yake, kuma mu ma yana faɗo mana. Bara wani saurayi ya zo rumfata da yamma, ya ce yayansa zai turo N120,000 in ba shi tsaba. Alat ya shigo, na ƙirga na ba shi, na cire ladana. Bayan kwana biyu na wayi gari an rufe min asusu da jarina gaba ɗaya a ciki, ashe kuɗin wata mata ne aka sato. Sati uku ba na aiki, ina yawo tsakanin ofis da caji ofis. Yanzu duk wanda za a turo wa kuɗi mai kauri daga asusun da ba sunansa ba, sai na ga katin shaidarsa na rubuta a littafi. Wasu su yi fushi su tafi, su tafi ɗin.

Hajiya, ki tuna ko kin taɓa cika wani fom ɗin tallafi da ake yaɗawa a WhatsApp. Yawanci daga nan suke samun suna da ranar haihuwa da banki.

Goggon Yara, Unguwar Sanusi

'Yata, ni ban san kan banki ba, amma na riƙe adashi shekara da shekaru. Daren nan ki zaunar da maigidanki ki gaya masa. Gobe kuma ki tara matan, kada ki bari Laraba ta yi mai kwasa ta zo da murna ta tarar da labari. In daga bakinki suka ji, ga alat a waya ga takardar banki, jarrabawa ce ta same ku gaba ɗaya. In a bakin wani suka ji, sunanki ne zai koma wadda ta ci kuɗin adashi, kuma wannan tabon ya fi dubu ɗari uku da sittin tsada.

Batun ko biya ya hau kanki, hukuncin amana ne, ku kai wa malamin unguwarku ya duba yadda abin ya faru. Amma ko me ya ce, yarinyar nan da za a kai ɗaki ba ruwanta, a fara neman yadda za a rufa wa uwarta asiri.

Kai kuma mai cewa sakaci, ɗana, wanda ya faɗa rijiya igiya ake miƙa masa tukuna.

Maman Ummi, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Ku yi haƙuri da shiruna na kwana tara.

Mai POS, ka canka. Da azumin bana na cika wani fom da aka turo a zauren matan Islamiyya, wai tallafin jari ga mata. Har BVN na sa.

Na Facebook ɗin ban tura masa ba. Da na ce masa ya fara dawo da kuɗin ya cire ladansa a ciki, sai ya rage zuwa dubu goma, daga baya ya toshe ni.

Abban Sadiq, na bi abin da ka ce. Da farko yarinyar ta ce fom ɗin da na cika ya isa, na ce a'a, hatimi nake so da lambar ƙorafi, na samu kujera na zauna. Sai da wani babba ya fito aka buga. A takardar na ga asusu biyu aka tura kuɗin. Wanda aka zuba wa dubu ɗari uku an share shi tun daren Juma'ar. A ɗayan an tarar da N61,000, an riƙe su, kuma kamar yadda Ɗan Panteka ya faɗa, sun ce sai umarnin kotu. Na kai koke EFCC, an karɓa an ba ni shaida.

Goggo, na gaya wa maigida a daren. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce shi ma an taɓa kiransa, ya kashe wayar ne kawai don yana kan babur. Matan kuma biyu sun yi maganganu, ɗaya ta ce ta fita daga adashin. Sauran suka yarda a sake zuba dubu goma-goma a matsayin rance, aka samu dubu ɗari. Na sayar da 'yan kunnena da injin ɗin surfani, maigida ya ciko, muka kai wa mai kwasar N250,000 ranar Alhamis. Saura N110,000 ta ce in biya a hankali bayan biki.

Yanzu tambayata ga Ɗan Panteka: wace kotu ka je, kuma lauyan tun farko aka yi cinikin kuɗinsa ko sai da kuɗin suka fito? Ƙanena na da aboki lauya a Barnawa, ranar Asabar za mu je wurinsa, ina so in san abin da zan ce kafin in zauna.