Wai da gaske mutum zai iya motsa abu da tunani kawai?

Sani_Mile12: Salam 'yan uwa, don Allah tambaya gare ni. Akwai wani abu da nake gani a YouTube wai shi telekinesis, mutum ya motsa abu bai taɓa shi ba, da ƙarfin tunani kawai. Sun ce ka kafa allura a murfin gora, ka ninke 'yar takarda kamar laima ka ɗora a tsinin, sai ka kewaye ta da tafin hannu kana kallo. Wallahi na gwada a ɗaki bayan mun tashi kasuwa kuma ta juya, a hankali dai amma ta juya, har yaran da muke sauke tumatir tare sun fara ce min malam. To na koma kan biro da kwalin ashana, ko gezau, sai ciwon kai. Atisaye ne bai isa ba ko iyakar abin kenan?

Injiniya_Agege: Malam Sani ba tunaninka ba ne, zafin hannunka ne. Tafinka yana ɗumama iskar da ke kusa da shi, iska mai ɗumi kuma sama take yi, mai sanyi ta shigo ta maye gurbinta, wannan ɗan motsin ya ishi takardar da ba ta da nauyi kuma tana kan tsinin allura, ga numfashinka ga fanka in NEPA sun kawo wuta, shi ya sa biro ya ƙi. Gwaji mai sauƙi: kifa mata kofin gilashi ka toshe ƙasan, ka ja baya kamar taku biyu sai ka yi ta kallonta har asuba.

Kuma ba kai ka fara ba. A 1981 akwai wani James Hydrick a Amurka da ke buɗe shafin littafi a talabijin wai da tunani, sai James Randi, wanda shi kansa tsohon ɗan dabo ne, ya barbaɗa gutsattsarin soso marar nauyi kewaye da littafin ya ce to bisimilla. Mutumin ya kasa, don ashe hurawa yake da baki a ɓoye, yana hurawa soson zai tashi. Uri Geller mai lanƙwasa cokali ma haka ya yi zuru a shirin Johnny Carson a 1973 da aka kawo cokulan da bai taɓa ba kafin shirin. Randi ya ajiye dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya nuna irin wannan baiwa a gaban masu sa ido, har aka rufe gasar a 2015 babu wanda ya ci ko sisi.

Maman_Hanif: Ni dai ƙanena shawarata ka bi a hankali. Takarda da allura ba komai ba ne, amma daga nan wasu ke zarcewa wajen boka neman a "buɗe musu ido", shi ke nan an shiga wani abu daban. Ko matsafan Fir'auna, a Suratu Ɗaha aya ta 66 cewa aka yi an suranta wa Annabi Musa igiyoyinsu da sandunansu suna tafiya, ka ga rufa ido kenan tun wancan zamani. Kar ka tura wa kowa kuɗin kwas a intanet.

Baba_Obalende: Hhhh Sani in ka ƙware don Allah ka zo ka matsar mana da goslo ɗin gadar Third Mainland a Legas, ƙarfe biyar na yamma, mu direbobi za mu yi maka karo-karo.

Sani_Mile12: Baba kai dai Allah ya shirye ka 😂 Injiniya na kifa kofin jiya da daddare, ta tsaya cak. Amma da na manna hannu biyu a jikin gilashin na daɗe sai na ga kamar ta ɗan girgiza, wannan fa?

Injiniya_Agege: Ko zafi ya ratsa gilashin ko teburin ka girgiza. Cire hannun gaba ɗaya, ka jingina waya tana ɗaukar bidiyo ka turo mana.