Zan je lambun Limbe ɗaukar hoto, waɗanda suka taɓa zuwa ku taimaka

Ɗan Autan Garwa: Slm jama'ar zaure, barkanmu da war haka. Na samu hutun sati biyu kuma insha Allah ina so in gangara kudu in ga lambun itatuwan nan na Limbe a bakin tekun Kamaru, ni ban taɓa wuce Yawunde ba. Dalili kuwa, tsohonmu ya shekara talatin yana sayar da goro amma jiya muna hira ya ce min shi bai taɓa ganin bishiyar goro da idonsa ba, huhu kawai yake kwancewa. To ina so in ɗauko masa hotonta, in haɗa da duk abin da ido ya gani. Ina da 'yar kyamara ta gwanjo da waya. Wane wata ya fi, ta ina zan bi, me zan riƙe?

Kawu Direba: Wslm ɗana. Hanya ba wuya. Mota daga Garwa zuwa Ngaundare, ka kama jirgin ƙasa na dare, in aljihu ya yarda ka yanki tikitin kushet, wato mai gadon kwanciya, ka miƙe ƙafa don tafiyar ta haura kilomita 600, da safe kana Yawunde. Daga nan bas zuwa Duwala, ka haye gadar Wuri zuwa Bonaberi, nan ake samun motocin Limbe, wajen kilomita 70 ne, za ka bi Tiko da Mutengene. Abu biyu zan ja kunnenka. Katin ɗan ƙasa ya zauna a aljihun gaba don shingen jandarma na da yawa, sannan kar ka shirya tafiya ko yawo ranar Litinin, tun da rikicin yankin masu Ingilishi ya taso a wurare da dama ba a fita ran nan. Limbe ta fi sauran lafiya amma dai kafin ka taso ka kira wanda ke can ka ji.

Ɗan Autan Garwa: Na gode Kawu, Allah ya ƙara girma.

Mai Hoto na Marwa: Toh ni bari in faɗa maka abin da ba wanda ya faɗa min sai da na ji a jikina. Duk abin da ka koya na hoto a nan arewa, can juye yake. Mu nan faɗanmu da rana ne da ƙura, haske ya yi yawa kullum muna rage shi muna goge gilashi. Can kuwa kana shiga ƙarƙashin manyan itatuwan nan ƙarfe goma na safe sai ka rantse magariba ta kusa, kyamara ta dinga jan numfashi kafin ta ɗauka, hannunka ya ɗan motsa hoto ya tafi a banza. Ranar farko hotuna sun fi ɗari na ɗauka wlh ban fitar da goma masu kyau ba. Saboda haka ka ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke kama haske, kar ka ji tsoro, 800 ko 1600 ba laifi, gara hoto mai ɗan tsakitsaki da wanda ya dushe gaba ɗaya, kuma ka jingina da kututture ko ka dafa gwiwar hannu a benci. Filasha kuma ka kashe ta, ganyen can kauri gare shi da sheƙi, haske na dukansa sai ya fito fari fat kamar leda.

Na biyu damshi. Na kwana a wani otel na bar na'urar sanyaya ɗaki a kunne har safe, kyamara na kan tebur, ina fitowa waje gilashin ya yi gumi ciki da waje, na kusa rabin awa zaune ina kallon haske mafi kyau na ranar yana wucewa. In kayanka sun yi sanyi ka sa su cikin leda ka ɗaure, ka fito da su a haka, sai sun ɗau ɗumin waje ka buɗe. Kuma 'yan ƙullin nan da ake samu cikin kwalin sabon takalmi masu shan damshi, ka tara su ka zuba a jaka.

Anti Malama: Ƙanena ka tafi da sanin inda za ka kuma, kar ka je ka yi ta harbin ganye kawai. Jamusawa ne suka kafa wurin a 1892, wani masanin tsirrai Paul Preuss ya jagoranta, lokacin garin ana ce masa Victoria, sai a 1982 aka maida shi Limbe. Kuma ba don shaƙatawa suka yi shi ba, gonar gwaji ce, nan suke jarraba koko da kofi da roba da ayaba da itacen da ake samun kwinin na zazzaɓi daga ɓawonsa, wanda ya karɓi ƙasar sai a kai shi manyan gonaki. Gonakin roba da kwakwar manja da za ka gani jere a hanyar Tiko duk jikokin wannan aikin ne. Da can ya fi haka girma nesa ba kusa ba, yanzu hekta 48 ne ko kusa da haka. Akwai kogi da ya ratsa ta ciki, akwai wani dandali mai matattakala da suke kira Jungle Village, akwai kuma 'yan kaburburan sojoji na zamanin Turawa a gefe. Ni na kai ɗalibai, abin da ya fi ɗaure musu kai koko ne, wai ɗa ya fito a jikin kututture ba a reshe ba, ɗaya har ya ce manna shi aka yi hhh.

Baban Yara: Ni shawarata Disamba ko Janairu, ba ruwa, ka yi yawonka hankali kwance.

Mai Hoto na Marwa: Baban Yara a gafarce ni, nan kam ban bi ka ba. Hazon hunturu yana sauka har bakin teku, ba kamar namu ba amma ya isa ya ɓoye Dutsen Kamaru. Mutum ya taso tun daga Garwa ya gudu daga ƙura ya je ya tarar da ita? Nuwamba ta fi, ruwa ya ja baya, ganye a wanke, sama garau.

Baban Yara: Nuwambar da ruwa ya tsare ni a rumfar mai kifi tun azahar har la'asar sakaliya? Kai dai hotonka kawai ka sani.

Ɗalibi a Buya: Ku duka kuna da gaskiya yayyena, ni shekara ta uku ke nan a nan. Wanda za a guje wa dai Yuli da Agusta zuwa Satumba, ruwa ne ba na wasa ba, yana iya kwana ya wuni bai ɗauke ba. Ku tuna Debundscha na nan gaba kaɗan da Limbe a bakin teku, wajen milimita 10,000 ke sauka a shekara, Marwa ko 1,000 ba ta cika samu. Ko wane wata ka zo ka riƙe laima. Dutsen Kamaru ya haura mita 4,000 amma ɗan wulaƙanci ne, da sassafe yake nuna fuska, rana na ɗagawa gajimare ya rufe shi, don haka bayan asuba ka fita. In sa'arka ta yi kyau har tsibirin Bioko za ka hango a tsallaken ruwa. Yashin bakin tekun baƙi ne saboda aman wutan dutsen, kuma in ka miƙa hanyar Idenau wajen Bakingili za ka ga inda narkakken dutse na 1999 ya gangaro ya tare titi, yana nan ya daskare.

Amma Yaya don Allah kar ka ɗaga kyamara wajen matatar mai ta Sonara ko shingen sojoji ko jirginsu na ruwa, ko da wasa. A ƙofar lambu ma ka tambaya ko kyamara tana da kuɗinta daban kafin ka shiga.

Ɗan Autan Garwa: Madalla. To batun goron fa, shi ne asalin tafiyar.

Anti Malama: Ka ɗau ɗan rakiya a ƙofa, ka ce masa kola, kowa ya san sunan. In bai nuna maka a ciki ba ka ce ya haɗa ka da mai gona a ƙauyukan kusa, yankin ƙasar goro ce. Kuma ka bambance, namijin goro bishiyarsa daban ce sam, ɗansa kamar lemo yake, su bita kola suke ce masa, kar ka kawo wa Baba hoton da ba shi ba ya yi maka dariya.

Mai Hoto na Marwa: Kuma kar ka tsaya daga nesa ka ɗau bishiyar gaba ɗaya ka ce ka gama, a hoto kore ne cikin kore, Baba zai ce mangwaro ne. Ka ɗau uku. Ɗaya da mutum tsaye a gindinta don a ga girma, ɗaya kusa da kwanson yana rataye, wani kore ne mai ƙulu-ƙulu, na ukun ka roƙa a fasa maka ɗaya ka ɗauka a tafin hannu, goron na jere a ciki kowanne da farar rigarsa. In ka dace da fure ka matso sosai, fari-fari ne da ɗigon ja a ciki. A waya ka danna kan abin da yatsa ka ɗan ja hasken ƙasa, koren zai fito da nauyinsa. Ranar da gari ya lumshe kuma kar ka yi baƙin ciki, ita ce ranar hoton ganye.

Kawu Direba: In ka gama ka je Down Beach ka ci gasasshen kifi, ka zaɓa da hannunka a gasa a gabanka, ka yi ciniki kafin a ɗora a wuta ba bayan an sauke ba. Dogon wando da riga mai hannu saboda sauro da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje masu cizo.

Ɗalibi a Buya: Gidan birrai ma na kusa da lambun, da ƙafa za ka je, akwai gwaggon biri da sauran waɗanda aka ƙwato daga hannun mafarauta. Yaya in ka sa rana ka yi min magana ta gefe, in ranar Asabar ce ba ni da aji sai in sauko mu shiga tare, ni zan tsaya maka a gindin bishiyar.

Ɗan Autan Garwa: An gama, tsakiyar Nuwamba insha Allah, zan taso Laraba in iso Juma'a. Na karanta wa Baba duka, ya ce hoto dai hoto ne, in da hali a sako masa kwanson guda ɗaya a jaka kar a fasa. Kawu, kwanson zai kai Garwa bai lalace ba?

Kawu Direba: Ka naɗe shi a ganyen ayaba, kar ka sa a leda. Ka taho da biyu, ɗaya nawa.