Makullin da masu shi suka yi watsi da shi: a bar shi ko a cire?

Sakatare: Assalamu alaikum jama'a. Yau na kai kwamfutar ƙungiya Gumel a sauya mata batir, wadda muke ajiye sunayen manoman riɗi da lambobin NIN da BVN da asusun bankinsu. Yaron shagon ya ga TrueCrypt a kai, manhajar da muke kulle bayanan da ita, ya ce wai manhajar ta mutu tun 2014, mu cire ta. Ni dai kullum ina sa kalmar sirri tana buɗewa lafiya lau. Masana, ina mafita?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kada ka taɓa ta, Sakatare. Ba mutuwa ta yi ba, kashe ta aka yi. Ranar 28 ga Mayu 2014 aka wayi gari masu ita sun ce a daina amfani da ita, wai mai yiwuwa akwai ɓarakar da ba a toshe ba, a koma BitLocker, manhajar kulle bayanai ta Microsoft. Hujjarsu wai an daina kula da Windows XP. Mutanen da suka yi shekara goma suna ɓoye sunansu, rana ɗaya su tura ka wurin kamfanin Amurka? Ni na fahimci saƙon: an matsa musu su ba da ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar shiga ba da kalmar sirri ba, suka gwammace su rufe. Sigar 7.1a ta 2012 ita ce tsarkakakkiya, ta fi duk abin da ya biyo bayanta aminci.

Malama: Yaya Injiniya, wa ya matsa musu? Kawo shaida ɗaya.

Injiniya: Lavabit fa? A Agustan 2013 Ladar Levison ya rufe kamfaninsa na imel, wanda Edward Snowden, mai fallasa sirrin leƙen asirin Amurka, ke amfani da shi, da gwamnati ta nemi makullansa. Wata tara tsakani.

Malama: Levison mutum ne sananne, ya je kotu, daga baya aka buɗe takardun shari'ar kowa ya gani. Na TrueCrypt kuwa zato ne kawai. Ni ma sai in yi nawa zaton, in ce gajiya suka yi da aikin da ba a biyansu. Da naka da nawa duk ɗaya ne a sikeli.

Alhaji Ma'aji: Ku yi mana da Hausa, 'ya'yana. Kuɗin mutane ne a ciki.

Malama: Allah ya ƙara girma, Alhaji. Kwaɗo ne mai kyau a ƙofar sito, amma maƙerin ya tashi daga gari, ya kuma bar sallahu cewa kada a dogara da shi. Yau yana kullewa. Ranar da ɓarayi suka gano lagonsa, babu mai gyarawa.

Injiniya: To ai an bincika kwaɗon! Matthew Green na Jami'ar Johns Hopkins da Kenneth White sun tara kuɗi a hannun jama'a aka ɗauko ƙwararru. Rahoton farko ya fito a Afrilun 2014, na biyu na kamfanin NCC Group a Afrilun 2015. Ba su ga ƙofar baya ba. Ga kuma Daniel Dantas, ɗan bankin Brazil da 'yan sanda suka kwashe faya-fayansa a 2008, FBI ta yi shekara guda tana fama ba ta buɗe ba. Wace manhaja ce ke da irin wannan tarihin?

Malama: Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma ka tsaya a Afrilu, ka ƙi ƙarasawa Satumba. A Satumban 2015 James Forshaw na Google ya gano ɓaraka biyu a ɓangaren da ke haɗa TrueCrypt da Windows, waɗanda binciken can bai gani ba. Mafi muni a ciki tana ba mai ƙaramin izini damar zama mai cikakken iko da kwamfutar. VeraCrypt, wadda Mounir Idrassi ya gina a Faransa daga tushen TrueCrypt ɗin, ta toshe su cikin wannan watan. A 7.1a kuwa har yau suna nan a buɗe, kuma haka za su zauna.

Injiniya: Wannan ɓarakar ba ta fasa ɓoyon kansa. Ɓarawo ya sace kwamfutar a kashe, ko Maigatari ya tsallaka da ita Nijar, ba abin da zai karanta. Sai wanda ya riga ya shiga cikinta tana kunne.

Malama: Yauwa, ka zo inda nake jira. Tamu a kashe take kwana? Ranar rabon taki na ga filasha uku sun shiga sun fita a jikinta, ɗaya ma daga shagon tura fina-finai ta zo. In an kawo wuta a ofis a buɗe take yini, yara na kallo a kai. Ba FBI nake tsoro ba, Yaya, filashar nan nake tsoro.

Auta: Ni fa ban ga abin wahala ba. A kunna BitLocker a huta, tunda su da kansu shi suka nuna.

Injiniya: Auta, kai yaro ne. BitLocker ba kowa ke iya duba cikinsa ba, sai abin da kamfanin ya faɗa maka. Kuma lambobi 48 ɗin nan na ceto, waɗanda ake buɗe shi da su in an manta kalmar sirri, sau da yawa asusunka na Microsoft suke tafiya, wato kwafin makullinka na hannun wani.

Auta: To in yana hannunsu ai gara, ranar da Sakatare ya manta sai a karɓo.

Malama: A nan kam kowannenku na da rabin gaskiya. Sai dai cikakken BitLocker sai Windows Pro zuwa sama, a duba wacce ke kan tamu tukuna. Ni VeraCrypt na zaɓa, ba don na san Idrassi ba, sai don akwai wanda ake kai wa ƙara, kuma kamfanin Quarkslab ya bincike ta a 2016 aka gyara akasarin abin da ya gano. A kula da abu ɗaya: tun daga siga ta 1.26 ta daina buɗe rumbun TrueCrypt. Kada wani ya goge tsohuwar kafin a kwashe fayilolin, a zo ana salati.

Injiniya: Ita ma kusan mutum ɗaya ke riƙe da ita. Gobe ya gaji fa?

Malama: Sai mu sake ƙaura. Ban ce aure za mu ɗaura da ita ba.

Alhaji Ma'aji: Na saurare ku duka. Tambayata ɗaya. Kalmar sirrin nan, ban da Sakatare wa ya san ta?

Sakatare: Ni kaɗai ne, ranka ya daɗe.

Alhaji Ma'aji: Kwafin bayanan fa, akwai a wani wuri?

Sakatare: Akwai a filasha, tana cikin durowar ofis. Ita ba kulle a kanta.

Malama: Innalillahi. Muna ta Amurka da Faransa, ashe BVN ɗin mutane na kwance a durowa. Kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kan duk mai riƙe da bayanan jama'a, har da mu.

Injiniya: Wannan kam ba gardama, a kulle filashar yau. Amma maganata kan 7.1a tana nan, ban janye ba.

Alhaji Ma'aji: Injiniya, ka zo da maganar taka ranar Asabar bayan La'asar. Sakatare, ka taho da kwamfutar da filashar, da ambulan guda da za a rubuta kalmar sirrin a ajiye wurin Shugaba. Malama, ke za ki yi aikin, Injiniya na zaune kusa da ke yana kallo.