Masu gadin daji 'yan asalin Ostareliya: kare muhalli ne ko samar da albashi kawai?

Malam Sani: Tun 2007 gwamnatin Ostareliya take biyan 'yan asalin ƙasar albashi domin su kula da dazuzzuka da gaɓar tekun da suka gada daga kakanninsu. Ni a ganina shirin samar da aikin yi ne kawai aka sanya wa rigar kare muhalli. Ƙidaya mutanen da aka ɗauka aiki da kwanakin da suka yi sintiri abu ne mai sauƙi, amma hakan bai nuna cewa wata dabba ta tsira daga ƙarewa ba.

Hajiya Binta: Malam, ina roƙonka ka duba batun wuta kafin ka yanke hukunci. A yammacin yankin Arnhem Land da ke arewacin ƙasar, bayan da mutane suka bar ƙauyukansu na asali suka koma garuruwa, ciyawa ta riƙa taruwa har ƙarshen rani, gobara kuma ta riƙa cinye daji mai faɗi tsawon makonni. A 2006 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin man fetur da iskar gas na ConocoPhillips a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 28,000, inda masu gadin suka dawo da dabarar kakanninsu ta cinna ƙananan wutace a farkon rani, lokacin da ciyawa take da sauran danshi, domin wuraren da suka ƙone su tare babbar gobara idan ta taso. An sanya musu burin rage hayaƙi mai ɗumama duniya da tan 100,000 a shekara, kuma da hotunan tauraron ɗan'adam ake auna wurin da ya ƙone da watan da ya ƙone. Wannan ba shaidar baka ba ce.

Malam Sani: Na karɓi hujjar wuta, Hajiya. To tarun kamun kifi da ake tsinta a gaɓar Tekun Carpentaria da ke arewacin ƙasar fa? A kwashe bana, iskar damina ta kawo wasu baɗi, domin yawancinsu daga jiragen ruwan ƙetare suke fitowa.

Yaya Habu: Gaskiya ne, Malam, kwashewa ba ta toshe mafarin matsalar. Sai dai masu gadin ƙungiyar Dhimurru ta al'ummar Yolngu, 'yan asalin arewa maso gabashin Arnhem Land, da takwarorinsu suna kuɓutar da kunkurun teku da taru ya harɗe, kuma suna rubuta launin kowane taru da girman idonsa. Da irin waɗannan bayanai ne masana suka gano cewa kaso mai yawa daga wajejen Tekun Arafura, da ke tsakanin Ostareliya da tsibirin New Guinea, yake zuwa.

Hajiya Binta: Abin da ya fi damuna shi ne wanda yake riƙe da ma'aunin nasarar aikin. Dattawan yankin suna duba ko an tsare wurare masu alfarma da zanen kan duwatsu daga ɓarnar ɓauna da aladun daji, da ko yara sun san sunayen tsirrai da harshensu. Masu gadin Warddeken, wata ƙungiyar 'yan asalin yammacin Arnhem Land, sun kai ga buɗe makaranta a ƙauyen Kabulwarnamyo a 2015 domin iyalai su iya zama a ƙasarsu. Kai Malam Sani kana ganin wannan walwalar jama'a ce, ni kuwa ina ganin shi ne tushen aikin, domin idan babu mazauni a wurin, babu wanda zai cinna wuta a kan lokaci.

Malam Sani: Na janye kalmar "kawai". Amma ina nan a kan cewa dole a ƙidaya dabbobin kansu shekara bayan shekara.

Yaya Habu: Warddeken suna yin hakan da kyamarorin da suke girkawa a daji, Malam. Irin wannan ƙidayar tana buƙatar shekaru masu yawa kafin ta nuna ƙaruwa ko raguwa, alhali ƙungiyoyin sun daɗe suna kokawa cewa kuɗin da ake ba su na gajeren zango ne.