Neman shawara: zolayar 'yar masu hali a wurin aiki, wasa ne ko cin fuska?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatun digiri na biyu a wani gari da ke arewacin Ingila, kuma ina taɓa aikin sa'o'i 20 a mako a wani gidan kula da tsofaffi, gwargwadon abin da bizar ɗalibai ta ba da dama. Makonni uku da suka wuce, muna hutun shan shayi, wata abokiyar aikinmu ta buɗe wani gwaji a wayarta, irin tambayoyin nan da ke yawo a intanet, waɗanda wai za su nuna wa mutum ajinsa a cikin al'umma, ko ɗan talakawa ne shi, ko matsakaici, ko kuwa abin da Turawan nan ke kira "posh", wato ɗan gidan masu hali da ya tashi cikin gata. Ana tambayar mutum sunan da yake kiran abincin dare, da kantin da yake cefane, Waitrose mai tsada ne ko Aldi mai araha, da ko ya taɓa mallakar doki, da kuma ko makarantar kuɗi ya yi ko ta gwamnati.

Mu bakwai ne muka amsa, sai wata budurwa Baturiya 'yar kudancin ƙasar ta fi kowa maki nesa ba kusa ba. Tun daga ranar aka laƙaba mata sunan da ke nufin Gimbiya, ana kwaikwayon yadda take furta kalmomi, kuma duk lokacin da ta sunkuya za ta canza wa wata tsohuwa zanin gado sai wata ta ce a taimaka mata kada hannunta ya ɓaci. Ni ma na yi dariya, ba sau ɗaya ba. Ranar Alhamis na shiga ɗakin wanki na tarar da ita tana share hawaye, ta ce mini ta nemi a mayar da ita aikin dare don ta huta da su. Da na yi wa wadda ta fara abin magana, sai ta ce irin su yarinyar nan sun shekara ɗaruruwa suna yi wa harshen mutanen arewacin Ingila dariya, kuma su ne ke riƙe da komai na ƙasar, don haka ɗan wasa ba zai kashe ta ba. Na rasa amsar da zan ba ta, domin na ga kamar akwai gaskiya a maganarta. Shin in ba yarinyar haƙuri, ko in kai wa manaja, ko kuwa in kama bakina tunda baƙuwa ce ni?

Amsar wani dattijo da ya daɗe a Landan:

Wa alaikumus salam, 'yata. Abin da kika shiga tsohon ciwo ne a ƙasar nan, kuma gwajin da kika gani ba yau aka fara irinsa ba. Tun a 1954 wani masanin harshe mai suna Alan Ross ya jera kalmomin da manyan gida ke amfani da su dabam da na sauran jama'a, marubuciya Nancy Mitford kuma ta yaɗa zancen a 1955, har mutane suka shiga auna junansu da sunan da suke kiran banɗaki ko kujerar falo. Tambayar abincin dare ma daga wannan jijiya ta fito, domin a arewa gidajen ma'aikata da yawa "tea" suke ce masa, manyan gida kuwa su ce "supper". A 2013 BBC ta fitar da sakamakon wani babban bincike da mutane fiye da 160,000 suka amsa, wanda Farfesa Mike Savage da Farfesa Fiona Devine suka jagoranta, aka kasa jama'ar Birtaniya gida bakwai bisa dukiya da irin mutanen da mutum ya sani da kuma abubuwan da yake sha'awa. An sa na sama kashi 6 cikin ɗari, na can ƙasa kuma kashi 15.

Kada ki ɗauki fushin abokiyar aikinki a matsayin hassada kawai. Kusan kashi 7 cikin ɗari ne na yaran ƙasar nan ke zuwa makarantun kuɗi, amma rahoton da gidauniyar ilimi ta Sutton Trust da hukumar gwamnati mai lura da ɗaguwar talakawa suka fitar a 2019 ya nuna cewa kashi 65 na manyan alƙalai daga irin waɗannan makarantu suka fito, kuma makarantar kuɗi ta Eton ita kaɗai ta yaye firaministoci 20. Na sha ganin matashi mai ƙwazo daga Libaful ko Nukasil yana tauna harshensa kafin ya shiga ganawar neman aiki, saboda ya san za a raina shi da zarar ya buɗe baki. Don haka na yarda cewa zolayar na sama da zolayar na ƙasa ba nauyinsu ɗaya ba, tunda ɗaya tana iya hana mutum abinci, ɗayar kuwa yawanci ba ta wuce ɓacin rai. Sai dai alƙalan nan da firaministocin ba sa cikin ɗakin wankinku. Wadda ke ciki yarinya ce da ake biya daidai da ku, tana wanke tsofaffin da kuke wankewa, kuma ba ita ta zaɓi gidan da aka haife ta ba. Ki ba ta haƙuri a kan dariyarki.

Amsar wata 'yar uwa, ma'aikaciyar jinya a Bamingham:

Baba, a gafarce ni, amma ina ganin an ɗora wa wannan baiwar Allah kayan da ba nata ba. Ƙanwata, shekarata tara ina aiki da irin waɗannan mata, kuma na san cewa yarinyar da kike tausayi idan ta ajiye aikin gobe akwai gidan da zai tallabe ta, su kuwa sauran ba su da inda za su dafa sai wannan albashin. Zolaya ita ce gaisuwarsu, wanda ba sa zolaya ma shi ne ba su karɓa ba. Ban ce kukanta ƙarya ba ne, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma babu laifi ki rarrashe ta tsakaninki da ita. Amma kada ki kuskura ki kai ƙara wurin manaja, domin baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, idan suka juyo kanki ke ce za ki kwana ciki, ga karatu ga biza.

Amsar wani malami daga Zariya:

Malama, ni ban taɓa taka Ingila ba, amma wasan zolaya ba baƙonmu ba ne, kuma namu yana da ƙa'ida. Bakano da Bazazzagi suna tsokanar juna, haka Bafulatani da Babarbare, da Bagobiri da Bayarabe, da taubasai, da kaka da jika. Abin da ya sa ba a zubar da jini a kai shi ne kowanne ɓangare ya san da wasan, ya yarda da shi, kuma yana da bakin ramawa. Idan Bakano ya ce wa Bazazzagi bawansa, nan take za a mayar masa da wadda ta fi ta, a yi dariya a watse. To ki duba naku da wannan ma'auni. Shin yarinyar tana iya kwaikwayon harshensu ita ma a yi dariya? Na tabbata ranar da ta gwada za a ce ga girman kan nan ya fito fili. Mutum shida a kan mutum ɗaya da aka ɗaure wa baki ba barkwanci ba ne, taron dangi ne.

Ina kuma tuna miki aya ta 11 a Suratul Hujurat, inda Allah ya hana wasu mutane yi wa wasu izgili, ya ambaci mata a keɓe, sannan ya hana jifan juna da laƙabi. Ayar ba ta ware mai kuɗi ta ce shi a yi masa ba. Mu ma a nan muna da wannan hali, yaron da aka kawo makarantar kwana da mota sai a sa masa ɗan hutu ko ɗan gata, a ƙi cin abinci da shi, kuma na koyar da irinsu da suka koma ɓoye sunan mahaifinsu. Hajiyar Bamingham ta yi gaskiya cewa ki yi hattara da matsayinki, amma janye dariyarki ba ya buƙatar izinin kowa.

Amsar wani ɗalibin shari'a a Manchesta:

Yaya, ƙarin bayani kaɗan game da manaja. Dokar daidaito ta 2010 ta lissafa abubuwa tara da aka hana nuna bambanci a kansu, kamar launin fata da addini da jinsi da shekaru da naƙasa, amma ajin mutum ko arzikin gidansu ba ya ciki. Abin da zai yi aiki a nan shi ne ƙa'idar wurin aikinku kan muzgunawa, kuma ƙarar ta yarinyar ce, bai kamata a shigar da ita ba tare da yardarta ba.

Daga mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na same ta kafin ta karɓi aikin dare, na ce mata na yi dariya a kan abin da bai kamata ba kuma ina neman afuwarta. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce kakarta ce ta rene ta, kuma tun da tsohuwar ta rasu a irin wannan gida ta ƙudurta yin wannan aiki. Ba ta son a kai maganar ga manaja, ni ma ban matsa ba. Yau da aka sake kiranta da laƙabin a bayan idonta ban yi dariya ba, na ambaci sunanta na gaskiya na tambayi wa zai karɓi ɗakunanta na safe. Wadda ta fara abin ta dube ni ba ta ce komai ba, kuma ranar Litinin ni da ita aka haɗa a bene ɗaya.