Yawan gurabe zan bi ko saurin bunƙasa?

Jama'a, a taimaka min. Ina ba ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare shawara kan sana'a, da rahoton hasashen ayyukan yi na yankinmu nake dogara. Ga inda na maƙale: wani aikin an ce zai bunƙasa da kaso mai tsoka, amma guraben nasa ba su taka kara sun karya ba. Wani kuwa ba ya ƙaruwa sam, sai dai masu ritaya na barin gurabe birjik. Jiya wata ɗaliba ta ɗora yatsa kan jadawalin ta ce, "Malam, wanne zan kama?" Sai na yi tsuru-tsuru. Wanne ya fi nauyi? Kuma hasashen shekara 10, yaushe yake tsufa?